Talata Uku

Na danne ƙeyar Lele da hannun hagu, ina dirzar wuyanta da soso da hannun dama, kumfa na gangara mata har gadon baya. Sau uku ina ɗauraye wurin, sau uku baƙin nan yana nan yana kallona. Wani irin baƙi ne mai kauri da laushi, ya zagaye wuyan kamar an ɗaura mata tsohon ƙyalle.

"Mama, da zafi."

"Da kina wanka irin na mutane da ba mu zo nan ba. Shekara goma sha biyu, a ce har yau sai an cuɗa ki?"

"Wallahi ina cuɗawa."

Na ƙara sabulu, na ƙara ƙarfi. Sai da na ga kumfar ta fara yin ja sannan na saki soson. Na ji mata ciwo, baƙin kuwa ko gezau. Lele ba ta yi kuka ba. Ta dafa bango tana haki kamar wadda ta yi tsere, alhali tsayuwa kawai ta yi.

"Ki sakar mini ƙawata haka nan!" Muryar surukata ce, Inna, daga falo. "Fatar za ki saɓule mata? Fito, Lele, shayinki zai huce."

Na san shayin. Sukari cokali huɗu, madarar gwangwani har sai ya yi kauri, ga biredi an lafta masa bota ciki da bai. Na miƙa wa Lele tawul. Bai zagaye ta ba. Ta kama bakinsa biyu da hannu ɗaya, ta fita.

*

Shekara bakwai na yi a gidan miji kafin na same ta, kuma daga ita ban ƙara ba. Tun tana zanin goyo kowa ke ce mata 'yar lele, har sunan ya gajarce ya bi ta. Malamansu ma da shi suke kiran ta.

A hawa na uku muke zaune, ɗaki biyu da falo, cikin wani dogon gini da tagoginsa ke kallon babban titi. Babu tsakar gida. In ka sauko daga bene, taku biyar za ka yi ka ji ka a kan kwalta. Tun ranar da mota ta buge wata yarinya ta hawa na biyu, babu uwar da ta ƙara barin ɗanta ya sauka wasa. Makarantar su Lele tana da filin wasa a da, sai aka yanka shi aka jera shaguna, rabinsu na kayan ƙwalama. Ta haka duniyar 'yata ta koma kujera uku: ta aji, ta motar makaranta, da doguwar kujerar falo gaban talabijin, kusa da kakarta.

Ni a kamfanin ɗinka kayan makaranta nake aiki. Bakwai na safe ina kan keke, ba na tashi sai shida na yamma. Baban Lele direba ne a kamfanin lemon kwalba, shi ke rarraba wa shaguna. Duk ƙarshen wata ana ba shi kiret biyu kyauta, ya saɓo su a kafaɗa ya hau bene yana waƙa. Yakan ce, "A gidan nan ko ruwan shanmu launi gare shi." Mu yi dariya. Ni ma na yi, shekara da shekaru.

Ni ke ɗinka wa Lele yunifom, saboda haka babu wanda ya kai ni sanin abin da ke faruwa. Tef ɗin awo ba ya ƙarya. Kowane zangon karatu sai na farke ɗinki na ƙara yadi, har aka kai ga awon ƙugunta ya wuce nawa. Amma da na buɗe baki sai Inna ta ce, "Masha Allahu ake cewa. Jikin hutu ne. So kike a ce ɗana ba ya ciyar da iyalinsa?" Sai in haɗiye maganata in koma kan keke.

Mako biyu bayan wankan nan, Lele ta dawo da takarda daga makaranta. Ma'aikatan lafiya sun je sun auna yara, sun ware wasu, ita ma tana ciki. Ana neman iyaye a asibitin unguwa ranar Talata. Na roƙi shugabar layinmu a kamfani rabin yini, ta ba ni tana tsaki.

*

Ɗakin yana can ƙarshen wata doguwar baranda, an yi wa bangonsa koren fenti, an manna hotunan 'ya'yan itatuwa da rana ta koɗar. Nas ɗin wata siririya ce mai tabarau. Ta ɗora Lele a sikeli, ta rubuta lambar ba tare da ta faɗe ta a fili ba, na kuwa ji daɗin wannan karar da ta yi mana. Sannan ta ɗaga haɓar yarinyar, idonta ya sauka a kan tabon soso.

"Wa ya yi mata wannan?"

"Ni ce. Datti ne ya ƙi fita."

"Ba datti ba ne, Maman Lele." Ta cire tabaran ta ajiye. "Jiki ne yake kawo ƙara. In sukari ya fara fin ƙarfin jiki, a irin wurin nan yake fara nunawa. Ciwon bai shigo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa yana sallama."

Na ce, "Ciwon suga? Ai na manya ne."

"Da can," in ji ta.

Ta yi mini bayani a tsanake. Gwamnati ce ta sa shirin a cikin inshorar lafiya ta jama'a, ko sisi ba a biya. Duk Talata da safe har wata uku za a riƙa auna yara, a motsa musu jiki a filin bayan asibiti, a koya wa iyaye abin da za su rage da abin da za su ƙara a tukunya. In aka dage, ana iya mayar da ciwon inda ya fito.

"Sharaɗi ɗaya ne," ta ce. "Sai babba ya rako ta, don ba yaro ke ɗora tukunya ba. Wanda ya yi fashi sau uku, kwamfuta da kanta take cire sunansa ta sa na wani. Ba ni da ta cewa a ciki. Gurbi talatin gare mu, yara ɗari huɗu ke jira."

"Babu na yamma? Ko ranar Asabar? Ni ma'aikaciya ce."

"Mun roƙa har mun gaji. An ce babu ma'aikata."

Ta ba mu wani kati ruwan ɗorawa mai gida goma sha biyu, ta sa hannu a gidan farko. Daga nan aka fitar da yaran fili. Ta taga na hango Lele tana bin ƙwallo tare da wasu irinta, tana gudu tana tsayawa tana haki, tana dariya har da riƙe ciki. Na manta rabon da in ga ƙafafunta biyu sun bar ƙasa.

A mota muna komowa ta jingina da kafaɗata, tana warin zufa.

"Mama, a can babu wanda ya ce mini Tanka."

"Wa ke ce miki Tanka?"

"Kowa." Ta juya tana kallon titi. "Har da malamin motsa jiki. Shi ya fara."

Sai ran nan na san 'yata tana da suna na uku.

*

Da yamma na ajiye katin a gaban mijina da uwarsa, na faɗa musu abin da nas ta ce, ban rage ba.

Baban Lele ya juya katin gaba da baya, ya yi murmushi. "Su dai ba sa rasa abin faɗa. Lemon da nake raba wa gari duka shi ne guba? Ai da an ƙare. Shi ke ciyar da mu, Maman Lele, kar ki manta."

"Ban ce ka bar aikinka ba. Cewa na yi a daina shigo da shi gidan nan."

Inna ba ta ko dubi katin ba. Ta jawo Lele jikinta tana shafa mata kai. "Ikon Allah. Yanzu ƙoshi ne ya zama ciwo? To, mu ga inda duniyar za ta tsaya."

Talatar farko bayan zuwanmu asibiti ta zo daidai da lokacin da makarantu biyar suka ba kamfaninmu aiki, yadi ya taru har rufi. Tun Litinin na tari shugabar layi.

"Wancan makon na ba ki," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wannan ma kina so, mai zuwa ma za ki so. Leƙa ƙofar kamfani ki gani, mata nawa ke tsaye suna jiran kekenki? Ki zaɓa."

Na zauna na yi ta ɗinka wa 'ya'yan wasu riguna. Duk wuyan rigar da na kama, sai in ga wuyan Lele.

Talata ta biyu na yi wa Baban Lele magiya har ya yarda ya musanya fita da wani direba. Da na dawo da yamma na tarar da su suna kallo, Lele ta sunkuyar da kai.

"Mun je," ya riga ni. "Wallahi mun je. Awa ɗaya muna tsaye a layin karɓar lamba, manaja na ta kira na. Da muka isa aka ce mun makara, an riga an shiga. To ni me zan yi? In fasa ƙofa?"

"Sai kuka dawo gida?"

"Ta yi ta kuka a hanya, sai na tsaya na saya mata askirim ta yi shiru." Ya dube ni, ya ga abin da ke fuskata. "Ɗaya ne fa kacal. Haba, sai ka ce na kashe wani."

Saura fashi ɗaya. Na rasa inda zan nufa, sai na durƙusa a gaban Inna. Na ce ta yi wa Allah ta raka jikarta, ko ba ta yarda da abin ba. Sai ta ce, "Tashi. Na ji."

*

Ranar Talata ta uku tun daga matakala na ji ƙarar talabijin. Lele na kwance a doguwar kujera da kayan gida, kwalba biyu babu komai a ƙasa. Katin na kan tebur. Na ɗauka, gida ɗaya ne dai mai sa hannu.

"Ban kai ta ba," in ji Inna. Tana zaune da mayafinta na fita har lokacin, takalminta a ƙafa. "Ba kuwa zan yi miki ƙarya ba. Mun sauka har hawa na biyu. Na ce, ƙawata, me ake yi a can ne? Ta ce ana koya musu rage cin abinci. Daga nan ƙafata ta ƙi."

"Inna, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Zauna."

"Inna..."

"Na ce ki zauna." Ta tura Lele ɗaki, ta jira har ta rufo ƙofa. "Kin san mijinki ne kaɗai ɗana. Ba shi ne na fari ba. Kafin shi na haifi biyu, mata. Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, ina zaune ina kallo suka tsotse. Da yatsana nake ƙirga haƙarƙarinsu. Ƙaramar ta kai ko kukan ba ta iyawa, sai dai ta buɗe baki ta rufe. Ranar da aka zo ɗaukarta, da hannu ɗaya mutumin ya ɗauke ta. Hannu ɗaya, kamar ya ɗauki zani."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Ran nan na yi wa Allah alkawari, duk wani nawa da zan ƙara riƙewa ba zai kwana yana kallon tukunya ba. Yanzu ke ki ce in kama hannun jikata, da ƙafata, in kai ta a koya mata yunwa?"

Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa jin labarin nan ba. Faɗan da na hawo bene da shi ya narke a bakina. Na zauna riƙe da katin, ita tana nata kukan, ni ina nawa, kowa da gawar da yake gani.

*

Talatar da ta biyo na ce da shugabar layi rasuwa aka yi mana. Duk tsawon hanya ina ta neman tsari a zuciyata saboda ƙaryar. Tun shida da rabi muna ƙofar asibiti, mu ne na biyu a layi.

Mai ba da lamba yana bayan gilashi. Ya karɓi katin, ya daddanna kwamfuta, ya turo mini shi ta ƙasa.

"An cire ta. Fashi uku."

"Don Allah, malam. Ga ta nan, ga ni nan. Yau ɗaya a duba mu."

"Baiwar Allah, ba ni na cire ta ba. An riga an ba wani gurbin." Ya sake dubawa. "Zan iya mayar da ita layin jira. Amma kamar wata goma sha huɗu ne. Shekarunta nawa?"

"Sha biyu da wata biyar."

Ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai. "Shirin a sha uku yake tsayawa. Kafin layi ya zo kanta ta wuce."

Na tsaya ina kallon gilashin. Na ga alama tausayina ya kama shi, don ya matso da bakinsa kusa da 'yar ƙofar, ya sassauta murya kamar mai yi mini albishir.

"Amma kar ki damu. In, Allah ya kiyaye, ciwon ya kama ta, wancan ɓangaren babu jira ko kaɗan. Kuma komai kyauta ne, gwaji, magani, har allura. Inshora ta ɗauke duka." Ya nuna mini wata ƙofa a ɗaya gefen barandar. "Na gaba!"

Muna juyowa na hango nas mai tabarau tana shiga da yara ɗakin kore. Lele ta ɗaga mata hannu. Ba ta gan mu ba.

*

Na ce tunda haka ne ni zan zama nas ɗin. Na kulle sukari a durowar kekena ta gida. Na hana soye-soye. Na rage mata shinkafa, na cika mata faranti da ganye. Kiret ɗin lemo kuwa na yi rantsuwa ba zai ƙara shiga falona ba, sai Baban Lele ya koma ajiye shi a ɗakin uwarsa, ƙarƙashin gado, wai ai ba falona ba ne.

Gidan ya zama filin daga mara hayaniya. Ni ce mai doka daga shida na yamma zuwa bakwai na safe, sauran awannin na Inna ne. Nakan tsinci ledar biskit a cikin rigar matashi, murfin kwalba a aljihun yunifom. In na yi faɗa Lele ta yi kuka, in ta yi kuka Inna ta lallashe ta da abin da ya jawo faɗan. Ta fara ɓoye mini ido. In na shigo, sai ta yi sauri ta goge baki ko ba ta ci komai ba.

Aka yi wata shida a haka, aka shiga na bakwai.

Wata safiya ina ɗaura mata siket, sai na ga ya zame. Na ɗauko tef. Inci biyu. Na sake aunawa, ban yarda da idona ba. Bayan mako uku, wani inci biyun. A karo na farko a rayuwata na zauna a keke ina rage wa 'yata kaya maimakon ƙarawa. Ina ɗinkin ina waƙa.

"Ka gani?" na ce da Baban Lele, na ɗaga masa yadin da na yanke. "Ba asibiti, ba kati. Hannuna kawai."

"A gaishe da likita," ya ce yana dariya. "Ashe a gida muke da ita muke wahala."

Lele ma ta yi murna. Ta tsaya gaban madubi tana jujjuyawa. "Mama, in na ƙara ramewa za su daina ko?"

"Za su daina."

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta riƙa bin yarinyar da ido daga kujera zuwa firiji, daga firiji zuwa banɗaki. Wata ranar Lahadi ina guga ta zo ta tsaya a kaina.

"Maman Lele, yarinyar nan ba lafiya."

"Lafiyar ce ta fara zuwa, Inna."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na san ramar da ke zuwa da lafiya, na san wadda ba ta zuwa da ita. Yarinyar nan ci take fiye da da, kuma zubewa take. Kin lura da ruwan da take sha? Ta sha na firiji, ta sha na famfo, ta shanye mini abin da ke ƙarƙashin gado, ta ce har yanzu ƙishi take ji. Kwana take zaryar banɗaki." Ta kama hannuna. "Zo ki ga wani abu."

Ta ja ni banɗaki. Lele ba ta daɗe da fitowa ba. A ƙasa, gefen masai, inda ɗigon fitsari ya sauka, tururuwa sun yi baƙi ƙirin. Layi biyu suka yi daga tsagar bango, masu zuwa da masu komawa.

"Kwana huɗu ke nan ina share su suna dawowa," in ji Inna. "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin tururuwa na bin fitsari ba."

Na tuna maganar nas mai tabarau. Amma na daɗe ina jiran ranar da zan fi ta gaskiya, ban kuwa shirya sakin ranar ba. Na ɗebo ruwa na watsa musu.

"Zafi ne ya koro su, Inna. Shekara nawa kina ɗura mata, yanzu da ta fara samun kanta shi ne za ki ɗaga mini hankali?"

Ta saki hannuna ta koma ɗakinta. A raina na ce in aiki ya yi sauƙi zan kai ta a duba, mako mai zuwa ko na sama.

Ranar Laraba da hantsi shugabar layi ta zo ta dafa kekena. Ban taɓa jin ta kira ni da murya irin wannan ba.

"Ajiye ɗinkin. Daga makarantar 'yarki aka bugo."

*

A aji ta faɗi, tana tsaye tana karanta wa 'yan ajin darasi. Kafin in isa an wuce da ita asibiti. Na same ta a gado, an sa mata ƙarin ruwa a hannu, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Numfashi take ja mai zurfi, da sauri da sauri, bakinta na wani irin ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce.

Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Tambayoyi kawai ya jera. Tun yaushe take yawan shan ruwa? Tun yaushe ta fara ramewa? Da na ce wata biyu, sai ya daina rubutu ya dube ni.

"Ba ku kawo ta ba?"

"Na ɗauka sauƙi ne."

Ya mayar da kansa kan takarda. "Sukarin ne ke cin jikinta. Da an ƙara kwana biyu, da wata maganar ake yi. Za ta tashi, in sha Allahu. Amma daga yau ita da allura da gwajin jini, safe da yamma."

"Har yaushe, likita?"

Ya rufe fayil ɗin ya wuce gado na gaba.

Baban Lele ya iso da rigar aiki, hoton kwalba a ƙirjinsa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya kasa shigowa. Can na ga ya cire rigar ya dunƙule ta a hannu, ya shigo da singileti, ya durƙusa a gefen gadon ya kifa kansa a kan katifa. Wayarsa na ta ruri a aljihu. Washegari da asuba ya sa rigar ya tafi lodi, don babu wani aikin.

Kwana tara muka yi. Mai ba da lamba bai yi ƙarya ba, babu wanda ya ce mu jira, babu wanda ya tambaye mu ko sisi. Aka ba Lele 'yar na'urar gwaji da kwalin allurai, aka koya mata yadda za ta tsunkuli fatar cikinta ta soka da kanta. Ranar farko da ido a rufe ta soka. Rana ta huɗu ta daina rufe ido. Aka yanka mata sabon kati, fari, aka ce ta riƙa zuwa ganin likita duk Alhamis ɗin farkon wata.

*

Alhamis ɗin farko ban roƙi kowa ba. Ina fitowa daga ɗaki na tarar da Inna ta riga ta sa mayafi. Tun da aka sallamo mu ba ta yi mini gori ba, ni ma ban yi mata ba. Ta sauka hawa ukun nan a hankali, hannu ɗaya a bango, ɗaya a kafaɗar Lele.

Wurin jiran dogo ne, benci huɗu a jere, duk sun cika. Furfura ce ko'ina. Wata tsohuwa na zaune idanunta a buɗe amma ba ta gani, 'yarta na gyara mata ɗankwali. Wani na ta shafa ƙafarsa da aka naɗe da bandeji. A ƙarshen benci na biyu akwai wani dattijo mai fara'a, sandunan guragu biyu jingine da kafaɗarsa, ƙafar wandonsa ta hagu an naɗe ta daga gwiwa an maƙale da fil. Da ya gan mu sai ya muskuta ya yi mana wuri. Inna ta zauna kusa da shi, Lele a gefenta. Ni na tsaya jikin bango.

"Sannunku da zuwa," ya ce. "Sababbi ne ku, ban san fuskarku ba. Mu nan duk mun zama dangi." Ya leƙo ya dubi Lele. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Yaran yanzu ba kowa ke rako kakarsa asibiti ba."

Lele ta sunkuyar da kai.

Ya juya ga Inna. "Hajiya, ke tun yaushe ya kama ki? Ni shekara goma sha shida ke nan. Ƙafar bara waccan aka cire. Ki dai kula da ƙafa, daga nan yake fara ɗiban mutum."

Inna ta buɗe baki, ta rufe. Ta ƙura wa tafin hannunta ido.

Ƙofar likita ta buɗe, wata nas ta leƙo da takarda a hannu.

"Lamba arba'in da ɗaya."

Dattijon ya hango lambar a kan cinyar Inna, inda Lele ta ajiye ta. Ya yi maza ya janye sandunansa ya ba da hanya.

"Ke ce, Hajiya. Bismillah, a hankali."

Inna na zaune ba ta motsa ba. Lele ce ta miƙe.